Daga Kube Zuwa Aljihu: Wuƙa a Tarihin Ƙasar Gobir

Yau ina so mu shiga tarihin Gobir ta ƙofar baya, mu bar sarakuna da tamburansu su huta, mu dubi wani ɗan ƙaramin abu da ba a cika ba shi shafi a littattafai ba, wato wuƙa. Mu mutanen Gangara da Sabon Birni da Isa yuƙa muke cewa, to amma tunda na san akasarin masu karatu mutanen gabas ne, zan bi su da wuƙa, kada a ce Bagobiri ya zo da rigima tun daga sallama.

Abin da ya jawo wannan rubutu tambaya ce da matasa suka sha yi mini, cewa a cikin wuƙaƙen aljihu masu ninkewa da suka cika faifan 'yan koli, wacce ce mai ƙarko da mutum zai saya ya huta? Tambayar kamar ta kasuwa ce, amma amsarta tana cikin tarihi, domin kuwa kowace irin wuƙa da mai karatu zai gani a faifan nan akwai hanyar da ta biyo kafin ta iso gare mu, kuma akwai dalilin da ya sa aka ƙera ta yadda take.

Bari mu fara daga gida. Kakanninmu ba su san wuƙa mai ninkewa a matsayin abin yau da kullum ba, wuƙar kube suka sani. Maƙeri ne zai buga ruwanta, ya soka mata ƙota, baduku ya ɗinka mata kube na jar fata, mai ita ya rataya a ƙugu ko ya zura a damtsen hagu ƙarƙashin hannun riga. Wannan ɗabi'a ta ɗaura wuƙa a hannu mun yi tarayya a cikinta da Buzaye, kuma ba abin mamaki ba ne in aka tuna cewa Gobirawa daga Azbin suka gangaro, suka zauna Birnin Lalle, suka yi ta matsowa kudu har Babari ya kafa Alƙalawa a bakin gulbin Rima wajen tsakiyar ƙarni na 18, bayan ya ci Zamfara. Ko sunan takobi ma, Buzaye takoba suke cewa.

Ƙarfen da ake wannan aiki da shi kuwa daga ƙasarmu yake fitowa. Ana haƙo tama, a ƙona gawayin ƙirya saboda shi ne mai daɗewa yana ci da zafi, a gina rahoniyar yumɓu a jera tama da gawayi hawa-hawa, a bar wuta ta yi aikinta har ƙarfe ya dunƙule a ƙasa. Daga nan sai maƙera, inda yaro ke kan zugazugi, maigida na riƙe da awartaki, masaba na sauka a kan uwar maƙera. Aiki ne na gado mai sirri da tsarface-tsarface, shi ya sa kowace fada take da Sarkin Maƙera. Wata Bafaranshiya mai bincike, Nicole Echard, ta zauna cikin maƙeran Adar, maƙwabtanmu na arewa maso yamma, har ta ɗauki fim na yadda ake narka tama a shekarun 1960, lokacin da sana'ar ke gab da shuɗewa. Duk wanda ke son ya ga irin wahalar da ke bayan ruwan wuƙa guda ɗaya a zamanin Bawa Jan Gwarzo, to wannan ne mafi kusa da abin da zai samu.

A nan ya kamata a lura da wani abu. Gobir ƙasar yaƙi ce, kowa ya sani. Daga Tabkin Kwatto a 1804, zuwa faɗuwar Alƙalawa da kisan Yunfa a 1808, zuwa Gawakuke a 1836 inda Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya karya rundunar Gobir da ta Katsinawan Maraɗi, har zuwa kafa Tsibiri da kuma ɓallewar Ɗan Halima ya zo ya kafa Sabon Birni, maƙeri bai taɓa rasa aikin bakin kibiya da mashi da linzami da likkafa ba. Amma duk da haka wuƙa ba ta cikin manyan kayan yaƙi. Kayan aiki ce. Da ita almajiri ke feƙe alƙalami, da ita ake tsaga kaba a saƙa tabarma, a yanke igiya, a feɗe akuya, a gyara ƙwarya, a ɓare rogo a gona. 'Yar'uwarta aska tana zabirar wanzami, ita ce ke aski da kaciya, kuma ita ce ta zana mana tsagen nan na fuska, shida a kunci ɗaya bakwai a ɗayan, wanda taubasanmu Yarabawa ba sa gajiya da yi mana tsiya a kai.

Mutane da yawa suna zaton sai da Nasara ya ci ƙasa sannan ƙarfen Turai ya shigo mana. Ba haka ba ne. Matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth, wanda ya yi wa kansa suna Abdulkarim, ya shiga Kano a 1851, ya tarar ana shigo da ruwan takubba ta hanyar Sahara, akasarinsu ƙirar garin Solingen na ƙasar Jamus, ya kuma ƙiyasta yawansu da kimanin 50,000 a shekara. A Kano ake sa musu ƙota da kube, sannan a sayar wa Buzaye da sauran jama'a. Ya kuma ga askar Turai mai araha daga yankin Styria na ƙasar Ostiriya. Wannan Barth ɗin ya bi ta ƙofar gidanmu a 1853, ya taso daga Katsina ya biyo ta Zurmi da Badarawa, ya sauka Isa, wadda a lokacin sansani ce ta mutanen Sakkwato a bakin iyakar Gobir, sannan ya keta dajin Gundumi ba dare ba rana don tsoron maharan Gobirawa, har ya iske Sarkin Musulmi Aliyu Babba a Gawasu kusa da Wurno. Mai karatu ya riƙe sunan Solingen, za mu sake gamuwa da shi.

Abin da zuwan Turawa ya canza shi ne yawa da araha. Sakkwato ta faɗi a watan Maris na 1903, Ingila da Faransa suka zauna suka raba ƙasar Gobir biyu, aka kafa turakun iyaka tsakanin 1906 da 1908, Tsibiri da Maraɗi da Madawa suka faɗa hannun Faransa, Sabon Birni da Isa suka faɗa hannun Ingila. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ya iso Ƙauran Namoda a 1929. Tare da shi aka samu kantunan kamfanoni irin su John Holt da UAC a wannan gefe, CFAO da SCOA a kowane gefe, suna sayen gyaɗa da auduga da fata, suna sayar da atamfa da gishiri da kayan ƙarfe. Sannan ga tarkacen ƙarfe na jirgi da na mota. Maƙeri ya duba ya ga gutsuren sifirin ɗin mota ya fi ƙarfen tama kyau, kuma ba sai ya kwana a daji yana gadin wuta ba. A hankali rahoniyoyi suka mutu. Ni dai ban ga laifin maƙera ba, kowa ya samu sauƙi ba ya zaɓen wuya, sai dai ilmin ƙarni da ƙarnoni ne ya tafi a cikin shekaru ƙalilan.

To a wannan zamani ne wuƙar aljihu ta samu gindin zama. Ita kanta dabarar ninke wuƙa tsohuwa ce, Rumawa sun yi ta tun kafin zuwan Musulunci da ɗaruruwan shekaru. Abin da ke sabo shi ne masana'antun Turai sun zauna musamman sun ƙera wuƙaƙe don kasuwar ƙasashen da suka mallaka, masu araha, masu jure wahala, waɗanda talaka zai iya gyarawa da kansa.

Ta farko da zan ambata ita ce Okapi. A Solingen aka fara ƙera ta a 1902 don a kai Afirka, aka sa mata sunan wata dabbar dajin Kwango da Turawa suka fara sani a daidai wannan lokaci. Ƙotarta katako ce, galibi da adon wata da taurari a jiki, sifirin ɗinta yana kwance a bayan ƙota, kuma manyan cikinsu suna da zobe wanda sai an ja shi sannan ruwan zai koma. In ana buɗe ta tana wata ƙara ƙar-ƙar-ƙar da duk wanda ya taɓa ji ba zai manta ba. Tun 1988 aka mayar da ƙirarta Afirka ta Kudu. A can da kuma Jamaika ta yi ƙaurin suna a hannun 'yan daba, alhali mafi yawan masu ita manoma ne da makiyaya da masunta.

Ta biyu ita ce ta fi ba ni sha'awa, kuma a kanta zan ɗan daɗe. A garin Thiers na Faransa, wanda shi ne garin maƙeran wuƙa na ƙasar, wani mai suna Gaspard Cognet ya fito da wata wuƙa a 1929 ya sa mata suna Douk-Douk. Niyyarsa ya sayar da ita a tsibiran tekun Fasifik, shi ya sa ya zana hoton wani dodon mutanen can a jikin ƙotar. Kasuwar can ba ta karɓe ta ba, sai aka juyo da ita Afirka, ta kuwa samu karɓuwa a Aljeriya da sauran ƙasashen da Faransa ke mulka. Sai dai an samu matsala, domin Musulmi ba ya son yawo da hoton dodo a aljihu, balle ya shiga masallaci da shi. Saboda haka kamfanin ya fito da wata mai suna El Baraka, aka cire dodon aka sa tambarin nan na Agadas da maƙeran Buzaye ke ƙerawa da azurfa. Ka ji ikon Allah, alamar Azbin, ƙasar da kakanninmu suka baro, ta je Faransa an buga ta a jikin ƙarfe ta dawo mana a faifan ɗan koli.

Abin da ya sa nake yabon wannan wuƙa shi ne rashin tarkace. Gaba ɗayanta abu shida ne: ruwa, da ƙota wadda fallen ƙarfe ne kawai aka ninka biyu, da sifirin a ciki, da ƙusa biyu, da ɗan maratayi a gindi. Babu katakon da zai tsage, babu roba, babu noti da zai kwance ya ɓace a cikin rairayi. Siririya ce, tana kwanciya a aljihun gaba na riga ba tare da ta ja wuyan rigar ƙasa ba. Ba ta da makulli, ƙarfin sifirin ne kaɗai ke riƙe ta a buɗe, amma sifirin ne mai taurin kai. A lokacin yaƙin neman 'yancin Aljeriya, daga 1954 zuwa 1962, ta shiga hannun mayaƙa har hukumomin Faransa suka sa mata takunkumi a can. Wannan ma darasi ne game da yadda hukuma ke kallon wuƙa idan ƙasa ta rikice, kuma za mu dawo kansa.

Akwai kuma Opinel, ita ma ta Faransa, wadda Joseph Opinel ya fara a 1890 a yankin Savoie, mai tambarin hannu da kambi a jikin ruwa, aka ƙara mata zoben kullewa a wuya a 1955. Wuƙa ce mai daɗin riƙo da kaifi kamar aska, lamba 8 ita ce daidai aljihu. Aibinta a wurinmu ƙotar katako ce zalla, da damina ta sha laima sai ta kumbura ta riƙe ruwan gam, da bazara kuma ta saki. Ita kuwa jar wuƙar nan ta Suwizalan mai almakashi da abin buɗe kwalba, ta ma'aikata ce da 'yan boko. Tana da kyau, amma ka ba manomin Gangara ita ya yi mako guda yana yankan karan dawa da igiyar rama, ka ga yadda ƙura za ta cika mata ciki.

Yanzu sai mu zo kan tambayar matasa. Akwai wani tsohon maƙeri a garinmu, Allah Ya jiƙansa, wanda in aka kawo masa wuƙar kanti ya duba, ba ya kallon adonta ko kaɗan. Yakan ce, "Ɗana, ba a sayen yuƙa da ido, da kunne da hannu aka sayen ta." Zai buɗe ta a hankali kusa da kunnensa ya ji yadda sifirin ya kama. In ya ji ta ce ƙwas, to da dama. In ta buɗe shiru salalam, sai ya miƙa wa mai ita. Bayan nan zai kama ruwan da yatsu biyu ya girgiza shi hagu da dama. Wuƙar da ke rawa tun tana sabuwa ba za ta ga baɗi ba, domin duk ƙarfin wuƙa mai ninkewa a kan ƙusar nan guda ɗaya ya taru. Sannan ya rufe ta ya duba ko tsinin ya shige cikin ƙota sosai, don tsinin da ya leƙo waje shi ke huda aljihu, wata rana ya huda cinya. Har yau ban ga abin da zan ƙara a kan wannan gwaji ba, in ban da maganar ƙarfe.

Ƙarfen wuƙa iri biyu ne a kasuwa. Akwai baƙin ƙarfe mai sinadarin kabon, irin na Okapi da Douk-Douk na asali, wanda ɗan'uwan sifirin ɗin motar da maƙeranmu ke amfani da shi ne. Yana ɗaukar kaifi da wuri, kowane dutsen washi yana cinsa, in babu ma gindin kofin tangaran ya isa. Amma yana tsatsa, kuma da zarar ya taɓa lemo ko albasa sai ya yi duhu. Duhun nan ba aibi ba ne, hasali ma yana ɗan kare shi. Sai kuma farin ƙarfe mara tsatsa, wanda Harry Brearley ya gano a Sheffield ta Ingila a 1913, ta hanyar gauraya ƙarfe da sinadarin kuromiyam, wanda sai ya haura kashi 10 cikin 100 sannan ƙarfe ke daina tsatsa. Mai kyau daga cikinsa yana da kyau ƙwarai, to amma yawancin masu ƙyalƙyalin nan na araha ba a ba su wuta yadda ya kamata ba, ka wasa da safe, kafin azahar sun dakushe. Araha ba ta ado. A ƙasa irin tamu da rani ya fi damina tsawo, ni baƙin ƙarfe nake zaɓa. Abin da yake bukata kawai a goge shi bayan aiki, a ɗiga masa man gyaɗa a kan ƙusa da jikin ruwa, in hunturu ya shigo a riƙa busa ƙurar da ke taruwa a cikin ƙota.

A yi hattara da jabu. Sunayen nan da na lissafa duk an kwaikwaye su, har da wata da taurarin. Ta gaske rubutunta a nutse yake cikin ƙarfe, gefen ƙotarta a goge yake ba ya yankar hannu, kuma tana da ɗan nauyi. Sannan kada mutum ya ɗora wa wuƙar aljihu abin da ba nata ba. Ba a ɓanɓare murfin gwangwani da tsininta, ba a sara ice da ita, kuma ba a yanka ragon layya da ita. Malamai sun karantar da mu cewa a kaifafa wuƙa a hutar da dabba, wannan kuwa aikin doguwar wuƙar maƙeri ce mai kube, wadda har gobe babu ta kanti da ta kama ƙafarta a wurin yanka da fiɗa.

Akwai wani sharaɗi da tsohon maƙerin nan bai san shi ba, domin bai ga wannan zamani ba. Tun wajen 2019 gabashin Sakkwato ya shiga halin da kowa ya sani. A watan Mayu na 2020 'yan bindiga sun kashe fiye da mutum 70 a ƙauyukan Sabon Birni a rana guda. A watan Satumba na 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar, har da Sabon Birni da Isa, kuma kafin ƙarshen shekarar jaridu suka ɗauki labarin cewa 'yan bindiga sun naɗa nasu masu gari a Gangara. A watan Agusta na 2024 Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, ya rasu a hannun waɗanda suka sace shi. Dubban mutanenmu sun tsallaka zuwa yankin Gidan Rumji da Maraɗi, wasu sun nufi Sakkwato, a cikinsu har da maƙera da dukawa da wanzamai. Dajin Gundumin da Barth ya keta a guje a 1853 ya sake zama wurin da ake ketawa da addu'a a baki. Ita ma hanyar da kayan Faransa ke biyowa ta sha toshewa, an rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, aka sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024.

A irin wannan hali, abin da ke aljihunka yana magana a madadinka a shingen bincike. Soja ko ɗan sanda ko ɗan sa-kai da ya laluba ya ciro wuƙa, siffarta zai fara dubawa kafin ya saurari bayaninka. Saboda haka nake hana yaranmu sayen irin baƙaƙen nan masu zanen ƙoƙon kai da haƙora a baya, waɗanda ake danna maɓalli su fallo da kansu. Ba su da ƙarko, ba su iya feƙe alƙalami ba, kuma suna jawo wa mai su tambayar da ba shi da amsarta. Wuƙar da ruwanta bai wuce faɗin yatsu huɗu ba, mai kamar kayan aiki, wadda duhun albasa da na goro ya riga ya kama jikinta, ita ce ta dace da matafiyi tsakanin Isa da Sabon Birni. In kuwa tafiyar ta jirgin sama ce, tun bayan harin 11 ga Satumba na 2001 a Amurka ba a shiga da ita a aljihu, sai dai a cikin babbar jaka.

Wanda ya riga ya mallaki tsohuwar Okapi ko El Baraka ta gado, kada ya yar don ta fara rawa. Ya kai wa maƙeri, ko a gida ko a inda gudun hijira ya kai shi. Zai ɗora kan ƙusar a bisa uwar maƙera, ya ba ta bugu biyu ko uku marasa ƙarfi da ƙaramar masaba, yana yi yana gwada buɗewa, har ta koma ta kama. In ƙusar ta cinye ne gaba ɗaya, ya fitar da ita ya yanko wata daga ƙusar kafinta ya daɓe kawunanta biyu. A roƙe shi dai kada ya kai ruwan kusa da wuta, kuma kada ya ɗora shi a kan injin washi har ya yi shuɗi, domin zafin yana zare taurin da aka ba ƙarfen tun daga masana'anta, daga nan kuma ba ya sake riƙe kaifi.